A Yanka Zakaran Nan, Auta

Da sunan Allah nake farawa, mai tsare bawansa a gida da kan hanya. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri zuwa gare ki, Auta. Ina fata kun sauka Bakura lafiya, gajiyar biki ta sake ki, baƙunta kuma ba ta yi miki nauyi ba. Ki gaida maigidanki, ki gaida surukarki ki ƙara, ki gaida duk wanda ya tarbe ki da sakin fuska. Babanki yana sa miki albarka. Allah Ya tsare ki, Ya tsare bakinki, Ya tsare ki daga bakin mutane.

Ki karanta takardar nan ke kaɗai. Rubutun kuwa ki yi haƙuri da shi, hannun yaƙi da jahilci ne. Ba labarin gida zan ba ki ba, kowa lafiya. Maganar zakaran da kika tafi da shi ce.

Na san za ki yi dariya, ki ce Inna ta rasa abin da za ta aiko wa takarda sai kaji. Yi dariyarki ki gama. Ranar tarewa ina tsaye bakin zaure aka ɗora akurki a bayan mota. Na leƙa na ga kajin nan durgu uku da na ba ki da hannuna, sai kuma na ga jan zakaran nan mai gajerun ƙafafu da kika raina tun yana tsako, kin cusa shi a cikinsu. Na buɗe baki zan ce a sauke shi, sai ga dangin mijinki sun kewaye motar suna yaba shi, wai ba su taɓa ganin durgun zakara mai kyansa ba. Na haɗiye maganata ina kallo motar ta tashi. Kin sha tambayata me ya sa nake ɗaure shi bayan rumbu nesa da kaji, ina ce miki faɗa gare shi. Ƙarya na yi miki. Ranar da takardar nan ta same ki, a yanka shi, kafin ma ki gama yanke hukunci a kaina.

Bari in faro miki daga tushe. Kajin nan na kakarki ne. A tsohon garinmu, wanda yanzu yake ƙarƙashin ruwan dam, kowa ya san durgun gidanmu. Ba sa nisa, ba sa tsallake darni su shiga shukar mutane, sun iya kwanci, kuma in shirwa ta kawo wawa nan da nan sun rufe 'ya'yansu. Amma kakarki tana da wani abu da ba ta fashi. Duk tsakon durgu da zankonsa ya fara tasowa aka gane zakara ne, ba ya kai cara sai ta sa a yanka shi. Wata rana, ina budurwa kamarki, na tambaye ta. Na ce, "Inna, don mi kullum durgun zakara kika sa ma wuƙa, ga masu dogayen ƙahwahu can suna ɓarna cikin gari?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba daga tankaɗe. Ta ce, "Haka nit tarar. Durgu ba shi hawan durgu gidan ga. Ki bar ma zakarun maƙwabta aikinsu."

Ban ƙara tambaya ba. A raina na ce camfin tsofaffi ne, ko kuma kwaɗayin nama ne ake sa masa riga. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran. In kin tarar da wani abu da surukarki take yi wanda bai yi miki ma'ana ba, kada ki yi irin tawa. Ki tambaye ta dalili tun tana da rai. In ita ma ba ta sani ba, ki ci gaba da yi har ranar da kika sami wanda ya sani.

Da ruwa ya taso aka kwashe mu zuwa sabon wurin nan kusa da Maradun, kina shekara bakwai. Kakarki ba ta yi wata biyu a nan ba ta rasu. Abin da na tsira da shi daga kiwonta kaji huɗu ne da tsako ɗaya. Kin dai tuna yadda wurin yake a lokacin: jan tudu, babu inuwa, maƙwabta daga garuruwa daban-daban waɗanda ba mu san asalinsu ba, ga manyan motocin aikin dam suna wucewa ta bayan gida tun safe har yamma. Kajin mutane masu dogayen ƙafafu kullum sai an tsinci ɗaya a kan hanya mota ta bi ta kanta. Sai na sa babanki ya yi mini darnin kara mai kauri, na bi duk wata kafa na toshe da ƙaya. Tsakon nan kuwa ya girma, sai ga zanko. Babanki ya ɗauko wuƙa yana wasawa, don ya san al'adar gidan. Na tsaya masa. Na ce gona ruwa ya ci, ɗaki ruwa ya ci, kabarin ubana ruwa ya ci, wannan ɗan abin da aka ƙyanƙyashe a tsohon gari ba mai taɓa mini shi. Ya mayar da wuƙarsa.

A tsohon gari babu wanda ya taɓa zama ya ce yau wane zakara zai hau wace kaza. Darninmu duk kafofi ne, zakarun unguwa suna shiga suna fita, jini yana gauraya ba mu ma sani ba. A nan kuwa na rufe ko'ina. Maƙwabciyarmu Tumba tana da wani farin zakara dogo, in ya yi dabara ya hau darni ya diro sai in bi shi da muciya. Ni a ganina tsare irin kakarki nake yi.

Kwancin farko na sa ƙwai goma sha biyu, bakwai suka ƙyanƙyashe. Na fasa sauran in gani. Uku baragurbi ne, wannan ba abin mamaki ba. Amma biyu akwai tsako a ciki, ya cika, da gashinsa da komai, ya mutu, ƙafafunsa a dunƙule kamar ƙwayar gyaɗa. Na ce zafi ne. Kwanci na biyu ɗaya ya fito da ransa a haka, ba ya iya tsayuwa, yana kwance a gefe yana kuka. Shekara ta zagayo, zakaran nan ya koma hawan 'ya'yan da ya haifa, tunda babu wani. Daga nan abin ya ƙazanta. Wani ya fito bakinsa na sama da na ƙasa sun saɓa, wani ido ɗaya babu ko gurbinsa, wani wuyansa ya murɗe yana kallon sama. Auta, har na kai in kaza ta cika kwana ashirin a kan ƙwai sai in riƙa jan ƙafa wajen leƙa ta. In na ji tsako yana ƙwanƙwasar ɓawo, maimakon murna sai in riƙa addu'a kafin in ɗaga kazar.

Kuma shekarun nan kowa a tsorace yake. Abin da mutane suka gani a rikicin dam ɗin nan ba sai na rubuta miki ba. Duk abin da ya lalace sai a nemo masa dalili. Wasu suka ce ruwan nan ne, wasu suka ce maganin feshin gonakin rani ne, wasu suka ce mun bar matattunmu a ƙarƙashin ruwa mun taho, ba za mu ga daidai ba. Ni har na fara tunanin kakarki ce take fushi da ni. Duk cikin dalilan nan ban taɓa kallon zakaran da ke tsaye a tsakar gidana ba.

Kuskurena na biyu tausayi ne da ba a yi shi da hankali ba. Tsakon nan mai saɓaɓɓen baki na ɗauke shi, ina jiƙa masa dusa a ƙoƙo mai zurfi don ya iya ɗiba. Ta girma ta zama kaza. Da na tsaya nan da ba laifi. Sai na bar ta ta yi ƙwai, na bar ta ta kwanta a kansu, ina jin daɗi wai na ceci rai. Cikin 'ya'yanta biyu suka ɗauko bakin, ɗaya ma ko ruwa bai iya sha ba. Kwana uku yana kuka a cikin kwando ina juya shi, na kasa yin abin da ya kamata.

Don haka ki saurara, domin ko kin yi komai daidai wata rana za ki ɗaga kaza ki ga abin da ba ki so. Ba kowace nakasa ce ta jini ba. Tsakon da ƙafafunsa suka ware gefe da gefe, sau da yawa santsi ne, an ajiye shi a kan siminti ko cikin tasa. Ki ɗaure ƙafafun biyu da zare ki bar 'yar rata a tsakani, ki sa shi a kan buhu ko ƙaiƙayi, kwana uku ko huɗu zai miƙe. Wanda yatsunsa suka nannaɗe, ki duba abincin uwar, ki ƙara mata ganye, ki kafa mata tukunyar gara. Amma saɓaɓɓen baki, da rashin ido, da dunƙulalliyar ƙafa, waɗannan daga cikin ƙwai suka zo, zare ba ya gyara su. In yana iya ci, ki raine shi, ki ɗaura masa jan zare a ƙafa don kada ya ɓace miki cikin 'yan'uwansa, ya shiga tukunya kafin ya kai ƙwai ko hawa. In ba ya iya ci ba ya iya tsayuwa, kada ki bar shi ya kwana uku kamar yadda na yi. Ki miƙa wa maigidanki ya yi bisimilla ya hutar da shi. Sannan ki haƙa rami mai zurfi ki binne, kada ki jefa a juji.

Ni a juji na jefa. Yara suka tsinta suka riƙa yawo da shi a kan kara, kafin azahar duk unguwa ta san abin da ake ƙyanƙyashewa a gidana, gidan A'i. A nan ne na yi kuskure na uku, wanda ya fi sauran muni.

Kin tuna Tumba, amma abin da kika tuna ni na sa miki shi. Bazawara ce daga wani garin da shi ma ruwa ya ci, 'ya'yanta duk sun rasu, tana sayar da daddawa. Ba ta da yawan magana. Tana son kajina, in ta ji an ƙyanƙyashe sai ta shigo ta durƙusa ta ce, "Kai, A'i, ɗiyan kajin ga naki da kyawo." Washegarin ranar jujin nan na je famfo, mata suka rufe ni da tambaya. Wata ta ce, "Wai wa ka shiga gidanki in kaza na kwanci?" Ni kuwa na gaji da a riƙa kallona kamar ni ce abin ya fito daga jikina. Sai na ce, "Ni dai ban sani ba. Amma dut kwancin da Tumba tal leƙa, ba shi hita daidai."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce mayya ba. Shekara da shekaru ina lallashin kaina da wannan, wai ai ban furta ba. Wasu suka furta mini. Kafin wata ya ƙare babu mai sayen daddawarta, yara in sun hango ta sai su watse. Ni kaina na fizge ki daga hannunta ranar da ta miƙo miki gyaɗa. Sai wani yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, cikin sambatu aka ce ya kira sunanta, jama'a ta taru a ƙofarta. Da aka watse ta zo bakin zaurenmu ta tsaya. Ina daga ciki ina jin ta.

Ta ce, "A'i, ni? Ni da nib ba ki tukunyata ranad da kunka sauka ba ku da abin dahuwa? Hito ki dube ni ki hwaɗi."

Ban fito ba. Na zauna a bakin gado na riƙe ki, na toshe miki kunne. Bayan kwana biyu ta ɗaure kayanta ta tafi wurin wanta a Morai.

Ta tafi, kaza ta sake kwanci, tsaki suka sake fitowa yadda suka saba. Tun ranar na sha jinin jikina, amma na yi gum. Sai da aka ƙara wata shida na gaji na ce in rabu da su gaba ɗaya. Na kwashi kajin na tafi kasuwar Mafara ranar Talata. A layin 'yan kaji akwai wani tsoho, ana ce masa Baba Ɗanjumma. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ya ce irin kirki, me ya sa zan sayar? Na ba shi labari, ban da na Tumba.

Ya ce, "Wane zakara ka hawansu?"

Na ce, "Durgu na, Baba, irinsu."

Ya ce, "Ubansu hwa?"

Na ce, "Shi na dai."

Sai ya ajiye kazar ya yi salati. Ya ce, "Ɗiyata, wa yah hwaɗa maki durgu na hawan durgu? Gajartag ga da kika gani rabin ciwo ta. In tsako ya ɗauko ta wajen uwa kaɗai, shi yi durgu shi rayu lahiya lau. In ya ɗauko wajen uwa da uba dut, cikin ƙwai shika mutuwa, ko shi hito ba ƙahwa. Sannan kin bar uba bisa ɗiyanshi. Ko masu dogayen ƙahwahu anka yi ma haka, abin da ke ɓoye cikin jini sai ya hito."

Na ce, "Baba, ba baki ba na?"

Ya ce, "Bakin wa? Ba bakin kowa. Zakaranki na."

Ashe abin da kakarki take yi ke nan, ita ma ba ta san sunansa ba. Na koma gida da kajina da wani baƙin zakara dogo da tsohon ya zaɓa mini, a ranar babanki ya yanka durgun. Kwancin da ya biyo baya duk suka fito lafiya, wasu durgu wasu dogaye. Mata a famfo suka ce kin gani, aikin Tumba ya karye. Na sunkuyar da kai na ɗauki tuluna. Ko babanki ban faɗa wa ba. Shi ya sa da kika ɗauki jan tsakon nan kika ce naki ne ba mai yanka shi, na kasa ba ki dalili, domin dalilin yana ɗauke da Tumba a cikinsa.

Bara bayan girbi na ce muku zan je gaisuwar mutuwa Morai. Wurinta na je. Na same ta a wani ɗaki can bayan gida, ta tsufa ƙwarai, ƙoƙonta daban, randarta daban. Na durƙusa na faɗa mata komai. Ta ce, "Na yahe maki, A'i, don ni ma ina son Allah Shi yahe mani. Amma mutanen garin ga hwa? Maganag ga ta riga ni isowa. Jikokin wana ko ruwa ba su amsa hannuna." Na fita na tara matan gidan na ce musu ƙarya na yi mata, zakara ne. Suka dubi juna. Ina jin wata tana ce wa 'yar'uwarta a hankali, wai ga shi nan, Tumba ta kama kurwata har ta jawo ni in zo in wanke ta.

To, Auta, yanzu ke ce baƙuwa. Wannan shi ne abin da ya hana ni cin abinci. Na ga yadda matan nan suka yaba zakaranki. Za su roƙi ƙwai, ke kuma hannunki a sake yake, za ki bayar. Za su sami durgu a gidajensu, su zo aron zakara, ki bayar. Kafin shekara tsaki marasa ƙafa za su fito a gida huɗu ko biyar, yara su tsinto ɗaya a juji. Mutanen can su ma fadamarsu ta canza musu, kullum ana rigima kan rabon ruwan kwatar noman rani, zukata a cike suke suna neman inda za su sauke. Wata za ta tambaya a bakin rijiya, wa ya shigo garin nan sabo? Da farko za a ce farar ƙafa gare ki. Daga nan abin da zai biyo baya na san shi, don ni na taɓa fara shi. Kuma wadda za ta faɗa ba muguwa ba ce, tsoro ne kawai zai kama ta kamar yadda ya kama ni.

Saboda haka a yanka shi. Ki yi farfesu ki kai wa surukarki, ki ce girkin amarya ne. Duk ƙwan da kajin suka yi daga yanzu zuwa mako uku a ci shi, kada a sa wa kaza. Ki nemi dogon zakara daga gidan da ba ku haɗa iri ba, in ya shekara ki yi musaya da wani. Ki bar kafa a darninki, ko da za su ɗan sha miki tsaba. Duk wadda kika ba durgu, ki faɗa mata a gaban mutane cewa ba a haɗa ta da durgun zakara, ki faɗi dalili, kada ki ce haka kika tarar. In kuma wata rana aka tambaye ki wa yake shiga gidanki in kaza tana kwanci, ki ciji harshenki, kada sunan mutum ya fito.

Na so in ce ki aiko mini da ƙafarsa in gani da idona hankalina ya kwanta. Sai na tuna wani zai iya ganin amarya tana ƙulle ƙafar zakara a tsumma tana aikawa gida, shi ke nan an sami abin faɗa. Kada ki aiko da komai. Gwaggonki Ige da ta kawo miki takardar nan za ta sake zuwa kasuwar Mafara ranar Talata, ki sa a gaya mata an yi, ita ba ta san ko mene ne ba.

Na san kin girma kina tofar da yawu in an ambaci Tumba, yau kuma kin ji wadda ta cancanci a tofar wa. In kin ji ba kya son ganina na wani lokaci, ba zan ce kin yi laifi ba. Ki yi fushin, amma ki fara miƙa wa maigidanki wuƙa.

Allah Ya zaunar da ke lafiya a ɗakinki, Ya sa mutanen Bakura su riƙe ki da alheri. Allah Ya kare ki daga abin da na yi wa wata, kada Ya kama ki da laifina. Ki sa Tumba a addu'a kafin ki sa ni.

Ni ce innarki,
A'i